La'adar dillali da kuɗin shinge ba ɗaya ba ne

Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, farashin rago da sa ya tashi, sai ka ji an buɗe layin waya a gidajen rediyo ana ta tsine wa dillalai. Wai su ne suka tsaya tsakanin makiyayi da mai saye suna kwasar riba, alhali ba su yi kiwo ba, ba su yi fawa ba. Can sai wani jami'in gwamnati ya fito ya yi alkawarin za a haɗa mai dabba da mai saye kai tsaye, a kawar da 'yan tsakiya. An daɗe ana wannan alkawari, dillali kuwa yana nan a kara da sandarsa, domin masu alkawarin ba su tsaya sun tambayi abin da yake sayarwa ba. A ganina, cikin hannayen da ke karɓar kuɗi a kan sa tun daga Potiskum har mayankar Oko-Oba da ke Agege, akwai masu karɓa don sun ɗauke wa mai kaya wani haɗari, akwai kuma masu karɓa don su ne haɗarin. Wanda ya yi musu kuɗin goro ba zai gyara komai ba, kuma yawancin manufofin gwamnatocinmu haka suke yi.

A fara daga kasuwar Laraba ta Potiskum, ko ta Alhamis a Maigatari, ko ta Juma'a a Wudil. Makiyayi ya koro bijimi daga ruga mai nisa. Falke ya zo daga Kano da kuɗinsa, bai taɓa ganin mutumin ba. Kafin ya zaro kuɗin akwai abin da dole ya sani. San nan na wanda ya kawo shi ne, ko na sata ne da za a biyo sawu bayan mako guda a ƙwace, a haɗa da wanda ya saya a kai ofishin 'yan sanda? Lafiyayye ne, ko an ba shi kanwa an ɗura masa ruwa da asuba don cikinsa ya ciko? Shi ma makiyayin yana da nasa tsoron. Bai san yadda kasuwa ta kwana ba, farashin da ke kansa na watan jiya ne. Bai iya rarrabe jabun kuɗi da na gaske. Idan aka ce a ba shi rabi yau, ragowar sai kasuwa mai zuwa, wa zai kama idan falken bai dawo ba?

Kowace amsa a nan tana cin lokaci, ko kuɗi, ko duka biyun, kuma ba ta ƙara wa san ko tsoka ɗaya. Dillali ne ke da amsoshin a tattare. Ya san ardon yankin da dabbar ta fito, ya san gidan mai ita, sau da yawa ma shi ne ke saukar da shi ya ciyar da shi daren kasuwa. Zai buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa daga haƙora, ya matsa tozo da ƙugu ya kintaci nama, ya duba hanci da numfashi saboda ciwon huhu, ya duba baki da kofato saboda ɓoru. Ya san falken da ke biya da wanda ke sa a yi ta zirga-zirga. Mafi girma duka, idan daga baya san ya zama na sata, shi za a fara kamawa a gaban sarkin kara, kuma sana'arsa ta mutu daga ranar idan bai fito da wanda ya kawo dabbar ba. La'adar da yake karɓa a kan kowane kai kuɗin wannan lamuni ne. A ƙasar da satar shanu ta zama ruwan dare tun daga Zamfara har Filato, lamunin ya ƙara daraja, bai ragu ba.

Masana tattalin arziki sun daɗe da gane girman wannan ɗawainiya ta ƙulla ciniki. Tun 1937 Ronald Coase ya nuna cewa shiga kasuwa kanta tana da tsada: neman abokin ciniki, gano farashi, daidaitawa, sannan tabbatar da an cika alkawari. Douglass North, wanda ya samu lambar Nobel a 1993, ya ɗora a kai da cewa ƙa'idojin da al'umma ke bi, rubutattu da na al'ada, tare da yadda ake tilasta bin su, su ne ke sa wannan tsada ta yi sama ko ta yi ƙasa, kuma daga nan arzikin ƙasashe ke rabuwa. Shi da abokin aikinsa John Wallis sun ƙiyasta cewa a 1970 kimanin kashi 45 cikin ɗari na tattalin arzikin Amurka yana tafiya ne a ayyukan ƙulla ciniki da tsare shi: bankuna, inshora, lauyoyi, akantoci, dillalai, 'yan sari. Wato ƙasar da ta fi kowa arziki ba ta kori 'yan tsakiya ba. Abin da ta yi shi ne ta sa kowane ciniki ɗaya ya yi arha a ƙulla, har baƙo ya iya sayar wa baƙo bashi ya yi barcinsa.

A ƙarshen hanya, wato Kudu, lamarin ya fi nauyi, domin can bashi ne ke tafiyar da kasuwar. Mahauci ba ya da kuɗin sa a hannu. Zai karɓa, ya yanka, ya sayar wa masu tebur da masu abinci, waɗanda su ma wasunsu bashi suke ɗauka, sannan ya kawo kuɗi bayan kwanaki ko makonni. Falken da ya zo daga Arewa bai san mahautan ba, ba ya jin yarensu, kuma kowace rana da shanunsa suka ƙara a kara yana sayen ciyawa da ruwa suna kuma ramewa. Nan ne maigida ke shigowa. Abner Cohen, wani mai binciken rayuwar al'umma wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta cewa shanu wajen 75,000 ake sayarwa a kasuwar garin duk shekara, kusan dukkansu bashi, ba takardar da aka sa wa hannu, ba kuma mai zuwa kotu. Maigida ke saukar da falke, ya ajiye masa kuɗi, ya ba shi dillalansa da malamin da ke rubuta wanda ya karɓi me. Dillalan sun san kowane mahauci, sun san bashin da ke kansa a wajen sauran masu gida, sun san ko sa ɗaya yake iya ɗauka ko uku. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya falke daga aljihunsa, shi kuma mahaucin ba mai sake ba shi ko ɗan maraƙi sai ya sauke nauyin. Tsarin ya girmi zamanin da aka fara kai shanu Kudu a jirgin ƙasa. Haka fataken goro suka yi a hanyar Gwanja: madugu ya daidaita da sarakunan hanya a kan garama, wato kuɗin wucewa, fatoma, wato mai masauki, ya sauke baƙo a zango ya tsaya masa. Alhassan Ɗantata daga wannan makaranta ya fito kafin ya shiga sayen gyaɗa.

Ga inda siyasa ta fara shigowa. Tsarin da ya dogara da sanayya yana aiki ne kawai idan mai cin amana ba ya da wurin ɓuya. Shi ya sa Hausawan Sabo suka riƙe unguwarsu, da sarkinsu, da yarensu gam, har a farkon shekarun 1950 suka ware masallacin Juma'arsu, yawancinsu kuma suka shiga Tijjaniyya. Ba ana cewa don ciniki suka yi ibada ba. Amma jama'ar da ke haɗuwa a sahu sau biyar a rana, ga wazifa, labarin wanda ya ci kuɗin wani ba ya kwana a cikinta. Abin da kotu ba ta bayarwa, zumunci ya bayar. Illarsa ita ce sana'a ta zama ta ƙabila, rikicin kasuwa kuma ya riƙa juyewa rikicin ƙabilanci cikin sa'o'i. An ga haka a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, inda faɗan mutum biyu ya kai ga kisa da ƙone-ƙone, sannan haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki, har tumatir da nama suka yi tashin gwauron zabi a Legas yayin da kayan gwari ke ruɓewa a Arewa. Inda hukuma ce ke tsaya wa ɗan kasuwa a kan dukiyarsa, da ba sai ya nemi hakkinsa da sunan yankinsa ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka dillali waliyyi ne. Mai riƙe da labari shi kaɗai yana iya sayar da shi sau biyu. Sananniyar dabara ce a raba mai dabba da mai saye, a ce wa wannan an taya dubu ɗari bakwai, a karɓi dubu ɗari bakwai da hamsin a wajen wancan, bambancin ya shige aljihu, ga kuma la'ada daga ɓangarorin biyu. Akwai masu turo abokinsu ya zuga tayi ba da niyyar saye ba, abin da shari'a ta hana ƙarara, kamar yadda ta hana tarar masu kawo kaya a bayan gari kafin su san farashin kasuwa. Akwai 'yan baranda da ke saye su sayar a kara ɗaya, rana ɗaya, ba su matsar da dabbar ko taku goma ba. Sannan ƙofar a rufe take ga wanda ba shi da uba a sana'ar: matashi mai jari da ilimi, ko macen da ta yi kiwon turke a gida, dole ta miƙa ragonta ga wani ta jira abin da zai ce an saya.

Maganin wannan an gwada shi, kuma ba korar dillali ba ne. A Gogunu da ke arewacin Jamhuriyar Benin, makiyaya da kansu suka sake fasalin kasuwar dabbobinsu. Mai dabba da mai saye su yi ciniki baki da baki. Tsofaffin dillalai aka mai da su shaidu: aikinsu su tabbatar da asalin dabbar da cewa ciniki ya faɗa. Magatakarda ya rubuta tikiti, kowane ɓangare ya biya ƙayyadadden kuɗi a kan kai, a raba tsakanin shaidan, da magatakarda, da asusun kasuwa wanda ake gyaran shinge da rijiya da shi. An bar wa dillali abin da yake da amfani a aikinsa, wato lamuni, an ƙwace masa ɓoye farashi. Tsarin ya bazu zuwa wasu kasuwannin ƙasar. Ga Musulmi ma ba baƙon abu ba ne, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, ƙarami ko babba, a kafa shaidu. Abin mamaki shi ne yadda kasuwannin da kusan kowa a cikinsu ya san ayar ke juya miliyoyi da baki kawai.

Yanzu a bi tirelar. An gama ciniki, an biya kuɗin kasuwa na ƙaramar hukuma, an biya 'yan lodi, an biya ƙungiyar direbobi da ta 'yan kasuwa, an karɓi takardar likitan dabbobi. An zuba yashi ko ciyawa a ƙasan mota don kada shanu su zame, an ɗaure ƙahoninsu a jikin katako, shanu talatin zuwa arba'in gwargwadon girmansu, ga samari 'yan rakiya a sama da sanduna, aikinsu su tayar da duk wanda ya kwanta kafin 'yan'uwansa su tattake shi. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, ko a bi ta Tegina, Mokwa, Jebba, Ilorin, Ogbomosho da Ibadan, ko a zaga ta Abuja da Lakwaja. Daga Potiskum ya fi haka. Tafiyar kwana biyu zuwa uku ce, kuma galibi dabbobin ba sa ci ba sa sha har a sauke su.

A wannan hanya ne ake tare motar ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Wasu da kaki, wasu da riga mai ɗaukar ido da katako mai ƙusoshi, wasu da rasit ɗin jihar da aka shigo, wasu da na ƙaramar hukumar da titin ya ratsa, wasu da sunan duba lafiyar dabbobi ba tare da sun hau motar sun kalli ko saniya ɗaya ba. Wasu ba su da komai sai yawa da gora. Doka kuwa a fili take. Dokar jerin haraji da aka amince a karɓa, ta 1998, ta hana kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya yi. A 2012 Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Dahiru Abubakar ya ba da umarnin rushe shingayen 'yan sanda a faɗin ƙasa, wasu da suka biyo bayansa ma sun maimaita. Maimaitawar kanta ta isa shaida a kan yadda umarnin ke ƙarewa.

Me ya sa direba ke biya alhali ya san haramun ne? Lissafi ne. Mu ƙaddara tirela tana ɗauke da shanu 35, kowanne naira 800,000, jimla miliyan 28. Mai shinge ya ce sai an ba shi 20,000, abin da bai kai naira 600 a kan kowane kai ba. Idan direba ya tsaya gardama, za a ce ya faka a gefe. Awa biyar ko shida a tsaye cikin rana, motar da iskar gudu ce kaɗai ke sanyaya ta, ya isa sa ɗaya ya faɗi. Idan an yi sa'a an yanka shi kafin ya mutu, mahautan bakin hanya za su saye shi a rabin kuɗi, asarar 400,000 ke nan. Mai shingen ya san wannan lissafi sarai. Makaminsa jinkiri ne, shi ya sa motar shanu, da ta tumatir, da ta kifi suka fi shan wahala a hannunsa fiye da motar siminti. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in ji Hausawa, to wannan ya ci ladan, askin kuma babu: bai lamunce dabbar ba, bai gyara titi ba, idan 'yan fashi suka tare motar kilomita biyar gaba ba ruwansa.

Yawan kuɗin ma bai kai rashin tabbas ɗinsa ɓarna ba. Harajin da aka san adadinsa ana saka shi a lissafi tun a Maigatari. Wanda ba a sani ba sai an ware masa kuɗi fiye da kima, a ba direba a hannu, kuma mai kaya ba ya da hanyar sanin nawa aka kashe da gaske, don babu rasit. Daga nan rashin yarda ya shiga tsakaninsa da direbansa, sai ya ɗora ɗan'uwansa a motar, wani kuɗin ke nan. Duk wannan yana komawa wuri biyu: a rage wa makiyayi a farkon hanya, a ƙara wa mai cefane a ƙarshenta. Sannan yana tace waɗanda za su rage a sana'ar. Babban ɗan kasuwa mai tireloli goma a mako yana da lambar wayar wanda zai kira, ko ya ɗauki jami'i mai kaki ya zauna a gaban mota a wuce da shi. Mai shanu biyar da ya yi karo-karo da wasu suka cika mota ba ya da kowa. Bayan asara biyu ko uku sai ya haƙura ya koma yaron wani. Masu kukan cewa 'yan tsiraru sun mamaye fataucin dabbobi su dubi shingen, shi ne ke yi musu gadi.

A da akwai hanyar kauce wa wannan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, kuma shekaru da dama ana loda shanu a tarago da takarda ɗaya har Legas. Ba mai tare jirgi da katako mai ƙusa. A 2016 an yi gwajin ɗauko shanu 500 daga Gusau zuwa Legas a jirgi, aka yi biki, abin bai ɗore ba.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa abin da kowa ya yarda ɓarna ne ya ƙi mutuwa. Amsar tana cikin yadda riba da asara suka rabu. Asarar ta watsu a kan miliyoyin mutane, kowa 'yar kaɗan a kan kilon nama, ba wanda zai bar aikinsa ya yi zanga-zanga a kanta. Ribar kuwa ta taru a hannun mutane ƙalilan da suka san juna. A wurare da yawa karɓar kuɗin shiga kwangila ce da ake ba wanda ya yi wa jam'iyya hidima, shi kuma ya zuba yaransa a titi, ya kai wa hukuma abin da aka yanka masa, saura nasa. Yaran nan su ne ake nema ranar zaɓe. Shugaban ƙaramar hukumar da ya kore su ya kori rundunarsa. Ga kuma yunwa ta gaske: shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jihohi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kai tsaye. Hukumar da aka hana kasonta, titin tarayya kuma ya ratsa ta, ba sai an koya mata inda za ta nema ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali, da kuɗin gari, da abin da ake ƙwata a hannun 'yan kasuwa cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Ƙorafin ya haura shekara ɗari biyu.

Abin ya wuce kasuwar shanu. Duk inda karɓar hakki ta hanyar ƙa'ida ya fi tsada a kan karɓarsa ta hanyar sanayya, mutane za su zuba jarinsu a sanayya. Ɗan kasuwar da aka tsare wa mota ba ya tunanin lauya, yana tunanin wane Alhaji ne ya san kwamishina. Ranar zaɓe kuma zai zaɓi wanda ke ɗaga waya, ko da bai taɓa kawo ƙudiri ɗaya a majalisa ba, kuma ta fuskar lissafinsa bai yi wauta ba. Ana yawan zagin talaka da siyasar ubangida kamar ɗabi'a ce da aka haife shi da ita. Ni ina ganin farashi ne yake bi. Ɗan siyasar da ke cin moriyar wannan kuwa ba ya da dalilin sauƙaƙa ƙa'ida, domin ranar da takarda ta fara aiki da kanta, layin da ke ƙofar gidansa zai ragu.

Idan gwamnati ta tashi gyara kuma, sau da yawa sai ta ƙara wa ciniki tsada. Canjin takardun naira da Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022 misali ne da ba a manta ba. A Janairu da Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, kasuwannin dabbobi na ƙauye kuwa da tsaba suke tafiya, don makiyayi da yawa ba su da asusu, wasu kasuwannin ma ba sabis ɗin waya mai ƙarfi. Masu POS suka riƙa sayar da naira da naira, mai tsaba a hannu ya sayi dabba a farashin da ya ga dama, har sai da Kotun Ƙoli ta tsawaita amfani da tsofaffin kuɗin a ranar 3 ga Maris. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, bai hana dabbobi tsallakowa zuwa Illela, Mai'aduwa da Maigatari ba. Ya dai mai da su hanyar daji, ya ƙara yawan waɗanda za a sallama.

Akwai gyare-gyaren da suka nufi inda ya dace, sai dai ba su iso kara ba. Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano ta biyo baya, da nufin a gama shari'ar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba cikin kwana 60, ba dole sai da lauya ba. Wannan zai yi wa bashin sa biyu ko uku, amma falken da ke Yobe ba zai bar kasuwa ya tare a Legas wata biyu ba, kuma ba ya da takardar da zai nuna wa alƙali. Dokar 2017 ta jinginar da kadarorin da ake iya ɗauka ta yarda a karɓi rance da dabbobi, amma wane banki zai karɓi san da ba ya da lamba, wanda gobe za a iya sayar da shi a wata jiha? Duka biyun suna jiran abu ɗaya: rubutacciyar shaida a wurin da aka yi ciniki.

Saboda haka, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024 za ta ji shawara, da daga teburin magatakarda za ta fara, kafin manyan gine-gine. A kowace babbar kara a yi wa dillalai rajista a ƙarƙashin sarkin kara, kowane ciniki a rubuta tikiti mai kwafi uku ɗauke da sunan mai sayarwa, mai saye, dillalin da ya tsaya, kamannin dabbar, lambar da aka maƙala mata a kunne, farashi, da ranar biya idan bashi ne. La'ada ta zama sananniya, a rubuce a allo a bakin kasuwa. Wannan tikiti shi ne hujja a kotu, shi ne kariya daga zargin sata, shi ne kuma tarihin da banki zai duba bayan shekara biyu ya ga mutum yana biyan bashi. Inda irin wannan ke lalacewa sananne ne: idan aka mai da tikitin hanyar tara kuɗin shiga aka tsauwala masa farashi, ciniki zai koma bayan katangar kasuwa, a rasa duka. Dole kuɗinsa ya yi ƙasa da abin da mutum ke asara idan ba shi da shi.

Gyaran kan hanya ya fi wuya, don akwai masu ci a ciki. Takarda ɗaya ya kamata a biya a wurin lodi, bayan likita ya duba dabbobin da gaske, mai lambar da kowane jami'i zai iya tantancewa da wayarsa cikin minti ɗaya, kuma laifin tsare motar dabbobi mai wannan takarda ya hau kan shugaban wanda ya tsare, ba yaron da ke riƙe da katako kaɗai ba. Amma duk tsarin da ya bar kuɗin gaba ɗaya a jihar da aka yi lodi zai mutu cikin wata shida, domin Neja, Kwara, Kogi da Oyo ba za su zuba ido tireloli suna farfasa musu titi a banza ba. Sai an yanka musu kaso bisa tsawon hanyar da ta ratsa su, ana tura musu kai tsaye duk wata, har da ƙananan hukumomin da ke bakin titin, ta yadda gwamna zai ga cewa shingen yaran jam'iyya yana rage masa kuɗi ne. A kuma ba ƙungiyoyin direbobi da na fatake aikin ƙirga tsayawa nawa aka yi da awa nawa aka ɓata daga Potiskum zuwa Legas, a riƙa buga alƙaluman jiha-jiha duk wata uku, da sunan kowane wuri da hukumar da ke tsaye a wurin.